Isma'ila Mai Rediyo da Motar da Ta Kurmance

Ƙanena Isma'ila bai taɓa yin abu da sauri ba. Shekararsa sittin da biyu yanzu, na girme shi da shida, kuma tun muna ƙanana a Bungudu idan aka aike shi rijiya sai an tashi wani ya nemo shi. Ba shi da baki, ba shi da wayon ciniki, bai iya noma ba duk da mahaifinmu manomi ne mai gonar gero da shanun huɗa. Abin da Allah ya ba shi kunne ne, da hannu mai haƙuri da siririyar waya.

Da ya gama firamare aka kai shi Gusau wurin wani mai gyaran rediyo. Ya yi shekara bakwai a can, ya dawo gida ya kafa rumfa a bakin kasuwar Bungudu. A nan ya samu sunan Mai Rediyo, kuma a nan ya yi shekara talatin da wani abu. Ban da gyara, yana da amfilifaya da lasifika biyu da makirfo, ana ɗaukarsa bikin aure da suna da wa'azi, har ƙauyukan da mota ba ta shiga. Idan Isma'ila ya haɗa maka sauti, ba ka jin wannan kukan mai huda kunne. Da wannan sana'ar ya auri Nafisa, ya aurar da 'ya'ya mata uku, ya rufe ɗakinsa da kwano.

Sai wayar hannu ta zo. Kowa ya koma jin labarai a aljihunsa, rediyon da ake sayarwa kuma ta zama irin wadda idan ta lalace ake jefarwa. Masu biki suka koma hayar manyan akwatunan kiɗa. Isma'ila ya zauna a rumfa shekara biyu yana kallon hanya. Ni na ce masa ya tashi, domin babu wanda zai zo. Ya tattara amfilifayar da lasifika ya ajiye a ɗakina, ya tafi Gusau yana da shekara hamsin da biyar, ya roƙi rumfa a wani garejin makanikai da ke hanyar fita Tsafe. Ya koma gyaran wayarin mota: fitila, ham, rediyon mota, abin goge gilashi. Ana kawo masa aiki, amma ƙanana. Mutanen garejin ba su daina kiransa Mai Rediyo ba, kuma ba da girmamawa suke faɗa ba.

A bazarar bana shugaban garejin, Alhaji Bala, ya kira shi ya ce ya kwashe kayansa zuwa Juma'a. Rumfar za a bai wa Mahadi, wani magidanci ɗan shekara talatin da biyar da ya yi koyon aiki a Kaduna ya dawo da kwamfuta, irin wadda ake sokawa ƙarƙashin sitiyari ta faɗi ciwon mota. Wata shida Mahadi yana aiki a gindin bishiya. Alhaji ya ce motocin yanzu da kwamfuta ake gane su, gareji kuma ba gidan ajiye tsofaffi ba ne. Ban zarge shi ba. Amma na san idan Isma'ila ya bar rumfar nan, ba wata sana'a ta uku da zai koya. Gida zai dawo ya zauna har a ɗauke shi.

Ranar Laraba da hantsi wayata ta yi ƙara.

"Yaya, kin tashi lahiya? Amfilifayar nan tawa, tana nan?"

"Ina za ta je? Kaza ma ta yi ƙwai a bayanta."

"Ki taho mini da ita yanzu, da lasifika guda. Yanzu-yanzu, Yaya."

Shekara sittin ban taɓa jin ya ce yanzu-yanzu ba. Na kaɗe ƙura, na naɗe kayan a tsohon zane, na tari mota.

Abin da ya faru shi ne, Alhaji Bala yana da motar haya mai jigila tsakanin Gusau da Tsafe, direbanta Garba, mutumin Bilbis. Wata huɗu ke nan motar ta ƙi lafiya. Idan aka tayar da ita babu komai, amma da an hau titi an taka ta, kafin a wuce duwatsun Kwatarkwashi, sai wata fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba, motar ta yi nauyi kamar an ɗaure mata dutse, ta riƙa shan mai ba ƙarfi. Hanyar Tsafe kuwa a wannan zamani ba hanyar da mutum zai so mota ta yi masa nawa ba ce. Fasinjoji sun gane ta, suna tsallake ta a tasha.

Kwamfutar Mahadi kullum abu ɗaya take faɗa, wani ɗan ƙarfe da suke kira nok sensa. Sau uku ana sayo sabo, sau uku ana kwance saman inji a ɗaura, sau uku fitilar tana dawowa. A safiyar nan Alhaji ya yanke cewa a sauke injin gaba ɗaya. Isma'ila, wanda bai taɓa sa baki a maganar da ba a sa shi ba, ya ce a ba shi motar zuwa la'asar. Aka yi dariya. Alhaji, a gaban mutane, ya ce idan ya gyara ta rumfa tasa ce, idan ya kasa kuma kada ya jira Juma'a.

Na iso na tarar da motar baki buɗe a gaban rumfarsa, makanikai sun bar aikinsu sun kewaye. Da suka ga na kwance zane lasifika ta fito, sai wuri ya kaure.

"Kai jama'a, biki za a yi! Wa ke aure?"

"Mai Rediyo, wace tasha za ka kamo muna yau?"

"Ku bar shi, wa'azi zai yi wa motar ko ta tuba."

Alhaji Bala yana zaune a kan benci, carbi a hannu. Ya gaishe ni, sannan ya ce, "Hajiya, ke ma an ɗauko ki kallon wagga hidima? Ki ba ɗan'uwanki haƙuri, zamani ne."

Na ce, "Alhaji, ni kaya na kawo. Haƙuri kuma sai an ga wanda zai buƙace shi."

Isma'ila bai kula kowa ba. Ya jona amfilifayar da batirin wata mota, ya rataye lasifikar a ginshiƙin rumfa, ya ɗauko wata doguwar waya mai baki biyu kamar na kada. Sannan ya dubi Mahadi.

"Mahadi, sensar ukku da ka cire, suna nan?"

"Suna nan, Baba. Amma matattu ne."

"Wa ya ce?"

"Kwamfuta."

"Karanta mini abin da ta ce, daidai yadda ta rubuta."

Mahadi ba mutumin banza ba ne, ya kamata in faɗa. Ya duba, ya ce abin da ta rubuta shi ne akwai matsala a layin sensar.

"To, layi ta ce," in ji Isma'ila. "Idan liman na magana ba a ji a waje, makirfo kaɗai ake zargi? Akwai waya tsakani."

Sai ya yi bayani, kuma ni da na yi sakandare lokacin da ake koyar da kimiyya da gaske, na gane shi sarai. Ya ce wannan ɗan ƙarfe kunne ne. An ɗaure shi a jikin inji yana saurare. Idan fetur ya fashe kafin lokacinsa, inji yana yin wata 'yar ƙara, kunnen ya ji, ya aika saƙo ta waya zuwa ƙwaƙwalwar mota, ita kuma ta ɗan jinkirta wuta don kada inji ya ci kansa. Idan kuwa ƙwaƙwalwar ta daina jin komai daga wurinsa, sai ta tsorata, ta kunna fitila, ta rage ƙarfin motar don kare inji. Ya ce abin da ke cikin sensar da abin da ke cikin wani irin makirfo da ya sha gyarawa duk abu ɗaya ne.

Aka kawo sensar uku a cikin gwangwani. Kowace ba ta fi murfin kwalba girma ba. Ya maƙala bakin wayar guda a ƙafar ta farko, ɗayan a jikinta, ya ɗora ta a kan wani guntun ƙarfe, ya murɗa amfilifaya. Ya ɗauki ƙaramar sifana ya ɗan taɓa ƙarfen.

Ƙwas!

Ƙarar ta fito daga lasifika kamar an harba bindiga. Mai shayin bakin gareji ya zubar da kofi. Wani makanike da ke ƙarƙashin mota ya buga kai da ƙarfe ya fito yana salati. Isma'ila ya sake taɓawa sau uku, lasifika ta amsa sau uku.

"Wagga tana da rai," ya ce. Ya ɗauko ta biyu. Ƙwas! Ta uku. Ƙwas!

Alhaji Bala ya miƙe tsaye, carbin na lilo. "Kana nufin duk lahiyarsu lau? Har ta asalin?"

"Ka ji da kunnenka, Alhaji."

"La ilaha illallahu! Mahadi!"

"Alhaji, wallahi abin da ta nuna..."

"Bar shi," in ji Isma'ila. "Kwamfutarsa ba ta yi ƙarya ba. Mahadi, zo ka taimake ni, idona ba ya ganin ƙananan rubutu."

Yanzu babu mai dariya. Masu facin taya daga tsallaken titi sun tsallako, har wata mai fura ta sauke ƙwaryarta ta tsaya. Isma'ila ya zura hannu bayan inji, ya zare soket ɗin da ke zuwa sensar da ke ɗaure a motar, ya maƙala wayarsa. Ya ƙwanƙwasa jikin inji da sifana. Lasifika ta amsa da wata murya mai kauri, dum, dum. Ya ce wannan ma tana ji. Ya mayar da soket ɗin.

Sannan suka koma cikin mota. Mahadi ya buɗe aljihun gaba ya kwance shi, ƙwaƙwalwar motar tana bayansa, wani akwati mai kama da gwangwanin kifi, wayoyi sun fi hamsin suna shiga. Ya duba zanen wayarin a wayarsa ta hannu, ya ƙirga ramuka, ya ce, "Wannan ce, Baba, baƙar nan." Isma'ila ya soka allura a ramin, ya maƙala wayarsa a kai.

"Garba, ɗauki sifana ka buga inda na buga."

Garba direba ya buga. Shiru. Ya ƙara bugawa da ƙarfi. Isma'ila ya murɗa amfilifaya har ƙarshe. Ko tari lasifikar ba ta yi ba.

"Ka ji?" Isma'ila ya leƙo ta taga, kuma na ga haƙoransa, abin da na daɗe ban gani ba. "A can tana magana, a nan ba ta isowa. Motarka kurma ce, Alhaji. Wata huɗu tana tafiya ba ta jin injinta."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Kowa na faɗin ai shi ma ya yi zargin haka. Isma'ila ya ɗauko mitarsa ta gwada waya, ya sake zare soket ɗin sensar, ya taɓa baƙar wayar da tsinke ɗaya, jikin mota da ɗaya. Mita ta yi tsuwa. Ya ce ba tsinkewa ta yi ba, wani wuri take taɓa jikin mota, saƙon yana zubewa a hanya kamar ruwa a fasasshen tulu.

Daga nan aikin ya koma irin nasa, na nawa. Wayoyin mota a ɗaure suke dami guda, an naɗe su da baƙin salatif. Ya fara bi da yatsa daga inji zuwa bangon da ya raba inji da cikin mota, taƙi bayan taƙi, yana matsawa, yana shinshinawa. Rana ta take. Aka kira azahar, aka je aka yi salla aka dawo, yana nan. Alhaji ya duba agogo ya ce, "Malam Ila, la'asar dai muka ce." Isma'ila ya ci gaba da bin wayar. Ni kuwa na lura da Garba. Tun da aka doshi wajen bangon nan ya daina magana, ya koma bayan mutane, yana share zufa fiye da yadda zafin ya kai.

"Ga ta," in ji Isma'ila.

Can ƙasa, bayan wani tiyo, salatif ɗin ya canza. Na kamfani ya dushe, wannan kuwa yana ƙyalli, an naɗa shi da kauri kamar ɗaurin karaya. Ya warware shi a hankali. Abu na farko da ya zubo ƙaiƙayin gero ne da kashin ɓera. Wayoyi biyar ne aka ci aka sake haɗawa. Huɗu an haɗa su daidai, ja da ja, kore da kore. Ya ɗago ta biyar, baƙar, ya ce kowa ya matso.

Wannan waya ba kamar sauran take ba. Akwai siririya a tsakiya, ita ke ɗauke da saƙo, sannan an lulluɓe ta da roba, sannan an saka mata raga ta zaren ƙarfe a kewaye. Ragar a jikin mota take ƙarewa, aikinta ta tare hayaniyar sauran wayoyi. Isma'ila ya ce haka wayar kowane makirfo take, kuma dokarta ɗaya ce, ta ciki da raga ba sa haɗuwa. Wanda ya yi wannan gyaran ya feƙe robar, ya ga zare a ciki da zare a waje, ya tattara su duka ya murɗe wuri guda, tamau, kamar mai tufkar igiya.

"Aiki mai kyau," in ji Isma'ila. "Wallahi ko saniya aka ɗaure da shi ba ta tsinkawa."

Aka fashe da dariya. Alhaji bai yi ba. Ya ɗebi ƙaiƙayin a tafin hannu ya dube shi.

"Motata fasinja take ɗauka. Mi ya kawo gero cikin injina? Garba!"

Garba ya fito kamar wanda aka jiƙa. Ya ce da kaka, satin da ya ce wa Alhaji yana jinya, gida ya tafi da motar ya kwaso geron gonarsu. Kwana shida tana kwana a gindin rumbu. Ranar da zai dawo ta ƙi tashi, ya buɗe ya ga ɓarnar ɓera, ya ji tsoron faɗa, ya gyara da kansa.

"Alhaji, launi da launi na haɗa. Kuma ta tashi! Na ce to waya ai waya ce."

"Wata huɗu kana kallo ana kwance mini inji, kana tsaye kana cewa Allah shi sawwaƙe!"

"Ai da gaske nake roƙon, Alhaji."

Na ce, "Alhaji, ka kashe shi daga baya. La'asar ta kusa, a bar mai aiki ya yi aiki."

Isma'ila ya shiga rumfa ya fito da guntun wayar makirfo. Ya yanke wurin da ya lalace, ya haɗa ta ciki da ta ciki da dalma, ya rufe ta, sannan ya haɗa raga da raga daban. Sauran huɗun ma ya warware murɗin Garba ya bi su da dalma. Ya mayar da soket ɗin sensar, ya koma wurin ƙwaƙwalwar ya maƙala wayarsa, ya miƙa wa Alhaji sifana.

"Kai za ka buga."

Alhaji ya naɗe hannun babbar riga ya buga. Dum! Ya sake bugawa. Dum, dum! Garejin ya ɗauki kabbara da tafi, wani yana buga murfin taya, mai fura tana guɗa. Alhaji ya ci gaba da bugawa kamar makaɗi sai da aka karɓe sifanar.

Isma'ila ya ce ba a gama ba, sai titi ya shaida. Aka mayar da komai, Mahadi ya goge tsohon laifin daga ƙwaƙwalwar motar da kwamfutarsa, ya bar ta a jone a kan cinyarsa. Garba ya kama sitiyari, Alhaji a gefensa, ni da Isma'ila da Mahadi a baya. Ba wanda ya gayyace ni. Na ce amfilifayar a ɗakina ta yi shekara bakwai, ina da haƙƙi.

Muka fita gari. Mu biyar duk idonmu a kan wurin fitilar nan. Alhaji ya ce, "Taka ta." Garba ya taka, motar ta zabura har kaina ya bugi kujera. Duwatsun Kwatarkwashi suka bayyana, suka matso, muka zo daidai su, muka wuce.

"Nan take kamawa," in ji Garba. "Wallahi kullum nan take kamawa!"

"Mahadi, mi ta ce?"

"Babu komai, Alhaji. Tana ji. Ga shi ina gani, tana ji!"

Garba ya wuce wata tirela, ya wuce motar haya biyu, ya danna ham yana ɗaga wa direbobin hannu. Na ce masa idan ya kashe ni a kan murnar waya, 'ya'yana ba za su yafe ba. Isma'ila ya rufe ido, ya karkata kai wajen inji yana saurare har Tsafe.

A bakin tashar Tsafe muka tsaya ana kiran la'asar. Alhaji ya fito, ya zagaya motar, ya dafa murfin inji, sannan ya juyo.

"Malam Ila, na faɗa gaban mutane. Rumfa taka ce."

"Na gode, Alhaji. Amma kwanonta yana yoyo, ga damina tafe."

Alhaji ya buɗe baki ya dube ni. "Hajiya, kin ji? Yanzu aka ba shi, har ya fara."

"A gyara masa," na ce.

"Kuma a ƙara mata faɗi," in ji Isma'ila. "Mahadi ba zai yi damina a gindin bishiya ba. Shi ya san ramin da waya take, ni ban sani ba."

Mahadi ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni da aka ce in karɓe maka wuri?"

"Kai ka ce a ba ka? Zo mu yi salla."

An yi rufin kafin ruwan farko. Yanzu su biyu ne a rumfar, teburin Mahadi a dama, na Isma'ila a hagu, kuma suna faɗa kusan kullum, domin Mahadi yana son a sallami mota uku kafin azahar, Isma'ila kuwa yana iya wuni a kan ɗaya. Garba bai rasa aikinsa ba, amma Alhaji ya hana motar kwana a Bilbis. Motocin da aka canza wa kaya aka gaji ana kawo su daga Mada da Tsafe, wata har daga Talatar Mafara aka jawo ta. Wasu yana gano ciwonsu, wasu ba ya ganowa, kuma idan bai gano ba yana faɗa wa mai motar a fuskarsa ya ƙara gaba.